Tambaya da Amsa: An ce in gabatar da Django a semina, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina aji uku a sashen kwamfuta a nan Zariya, kusan shekara ɗaya da rabi kenan ina aiki da Django, kayan aikin haɗa manhajar intanet da yaren kwamfuta na Python, har na haɗa wa wani kawuna ƴar manhajar da yake lissafin kayan shagonsa da ita kuma har yanzu da ita yake aiki. To ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya semina wata mai zuwa, an gayyato masu haɗa manhaja daga Kano da Kaduna, sai shugabanninmu suka ce ni zan yi bayani a kan kayan aikin da ake haɗa manhajar intanet cikin sauri da shi, minti 40 suka ba ni har da tambayoyi. Wallahi Malam tun ranar bana samun barcin kirki, na haɗa silaid 52 amma duk sanda na bi su sai in ji kamar ban faɗi komai ba, ga tsoron kar wani babba ya jefo min tambayar da zan kasa amsawa a gaban abokaina. Don Allah a taimaka min da shawara. Daga ɗalibinka a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin wasiƙar nan sosai, musamman maganar manhajar kawunka, don ita ce babban jarinka a ranar, kai kuma ka ambace ta kamar a wuce wurin. Mutumin da ya haɗa abu kuma wani ɗan kasuwa yake buɗe shi kullum da safe yana dogara da shi, ai wannan yana da abin faɗa a gaban kowa.

Silaid 52 ɗin nan kuwa ajiye su. Ka bar huɗu ko biyar. Dalilin da ya sa kake jin kamar baka faɗi komai ba shi ne abin da aka ce ka nuna sauri ne, shi kuma sauri ba a rubuta shi a allo, gani ya kori ji, sai mutane sun ga folda babu komai a cikinta da idonsu sannan bayan minti goma sha biyar su ga abu yana aiki a burawza, to a nan ne zancen zai shiga kansu. Wannan ba ni na ƙirƙiro ba. David Heinemeier Hansson, ɗan ƙasar Denmark ɗin nan da ya fitar da Ruby on Rails, wani kayan aiki irin Django, a 2004 daga cikin aikin manhajar Basecamp, abin da ya ɗaga sunan kayan aikinsa a duniya shi ne bidiyon da ya yi a 2005 inda ya haɗa shafin rubuce-rubuce cikin minti 15 yana bugawa ana kallo. Mutane da yawa daga kallon bidiyon nan suka koma Rails.

Tarihin Django kansa ka ba shi minti biyu ko uku kawai, amma kar ka tsallake shi don yana bayyana dalilin da ya sa aka gina shi yadda yake. A gidan wata jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World, a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a 2003, aka sake shi ga jama'a kyauta a watan Yulin 2005, aka sa masa sunan makaɗin jita Django Reinhardt. Kaga aikin jarida ba ya jira, edita zai zo da safe yace yana son shafi kaza kafin yamma, to dole masu rubuta kod ɗin su nemi hanyar da ba sai sun sake gina komai daga tushe ba kullum, kuma dole ƴan jarida su samu wurin da za su riƙa zuba labarai da kansu ba tare da sun jira mai kwamfuta ba. Daga nan shafin admin ɗin nan da kake gani, inda ake shigar da bayanai ana gyara su, ya samo asali. In ka faɗi wannan, ka ƙara da cewa Instagram da Django aka gina shi, ya isa, ka rufe silaid ka buɗe taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni.

Me zaka haɗa a gabansu? Don Allah kar ka haɗa jerin ayyukan da za a yi ko shafin rubuce-rubuce irin na koyarwar YouTube, kowa a ɗakin ya ga wannan sau ba adadi. Haɗa littafin bashi na mai shago. Babu wanda zai zauna a ɗakin nan bai san littafin nan ba, wanda ake rubuta wane ya ɗauki taliya katan ɗaya da sukari kwano biyu zai kawo ranar Juma'a, wani lokaci ruwa ya jiƙa shi wani lokaci yaron shago ya yaga shafi. Tebur biyu kawai kake buƙata, na kwastoma mai suna da lambar waya, da na bashi mai ɗauke da wanda ya ci bashin, abin da ya ɗauka, nawa ne kuɗin, wace rana, ya biya ko bai biya ba. Ka yi startproject, ka yi startapp, ka rubuta teburan nan biyu a models.py, layi ashirin ma da ƙyar zai kai, sai makemigrations da migrate, sai createsuperuser, ka yi rajistar teburan a admin.py, ka buga runserver, ka buɗe 127.0.0.1:8000/admin. Shi kenan ga wurin shiga da kalmar sirri, ga wurin ƙara kwastoma, ga gyarawa ga gogewa, baka rubuta HTML ko layi ɗaya ba, baka rubuta SQL, yaren magana da rumbun bayanai, ba. A nan ka ɗan dakata ka bar su su kalla, kar ka yi saurin wucewa, wannan ne tsakiyar bayanin naka gaba ɗaya.

Kuma yayin da kake bugawa ka riƙa faɗin dalili, a nan ne manyan da kake tsoro za su gane kasan abin da kake yi. Misali lambar waya, ka sa ta CharField, wato rubutu, ka ce musu da gangan na ƙi sa ta IntegerField domin lambobinmu da sifili suke farawa, in ka ajiye 080 a matsayin adadi sifilin farko zai ɓace. Kuɗi kuma DecimalField ba FloatField ba, saboda lissafin float yana kawo ƴan kurakurai a bayan ɗigo, kuma mai shago ba zai yafe maka ba in lissafinsa ya ƙi daidaita ko da naira ɗaya ce. Wurin haɗa bashi da kwastoma ka sa PROTECT, sannan ka gwada goge kwastoman da ake bi bashi a gabansu su ga manhajar ta ƙi yarda. Ka canza TIME_ZONE zuwa Africa/Lagos. Ka shigar da sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ su ga haruffanmu sun zauna daram ba su koma alamar tambaya ba. Ka ƙara list_display da search_fields da list_filter, layi uku, nan take ga akwatin bincike ga tace waɗanda basu biya ba a gefe. Lokacin createsuperuser ma da gangan ka sa 12345678 a matsayin kalmar sirri, zai gargaɗe ka cewa kowa ya san ta kuma duk lambobi ce, wannan ɗan abin yana nuna musu cewa an riga an yi maka tunanin tsaro tun kafin ka tuna da shi. In lokaci ya ba ka dama ka rubuta ɗan kod ɗin JavaScript a wurin sunan kwastoma su ga an nuna shi a matsayin rubutu kawai bai tashi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato shiri, don na taɓa ƙonewa a nan kuma bana so ya same ka. Shekarun baya an gayyace ni wani taro irin wannan, na shirya komai a gida inda intanet ɗina yake lafiya lau, na je ɗakin taron da niyyar in sauko da kayan aikin a gaban mutane don su ga tun daga farko. Na buga pip install, umarnin sauko da kayan aikin Python, abu ya tsaya cak, waifai ɗin wurin mutum sun fi ɗari a kansa, na koma hotspot ɗin wayata ashe cikin ginin sabis baya shiga sosai, minti goma sha biyu suka tafi ina tsaye mutane suna kallona, ana cikin haka aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta majigi ya sake kamawa rabin lokacina ya ƙare. Abin da ya fi min ciwo akwai yaran da suka biya kuɗin mota daga nesa don su ga wannan abu, suka koma basu gani ba, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida, duk abin da zan nuna sai ya iya aiki ba tare da intanet ba ko kaɗan.

Alhamdulillahi Django ya dace da wannan, domin yana zuwa da SQLite a matsayin rumbun bayanai, fayil ɗaya ne kawai a cikin foldarka, kuma ƴar sabar gwajinsa, wato abin da yake miƙa wa burawza shafuka, a kan laftof ɗinka take tashi. Ka haɗa venv, wato keɓaɓɓiyar foldar kayan aikin Python, tun a gida ka zuba komai a ciki. In kana so su ga yadda ake sakawa, yi pip download tun kana da data, zai sauko maka da Django da asgiref da sqlparse, a Windows har da tzdata, ka ajiye su a folda, ranar sai ka yi pip install da --no-index da --find-links ya ɗauko daga foldar cikin daƙiƙoƙi. Ka kwafi foldar nan a fulash, ɗalibai za su roƙe ka ita bayan taro, ka ba su, wasunsu kuɗin data ne kawai ya hana su farawa. Ka tsaya a kan siga ɗaya, ni dai 5.2 zan ce maka, wadda ta fito a Afrilun 2025, ita ce mai dogon tallafi na shekara uku, tana buƙatar Python 3.10 ko sama da haka. Kar ka sabunta komai a daren taro, komai ƙanƙantarsa.

Sannan kowane mataki ka yi masa commit a Git, wato ka ajiye kwafin kod ɗin yadda yake a wannan matakin, ta yadda in ka yi kuskuren bugu kuma ka kasa gano shi cikin minti ɗaya sai kawai ka tsallaka zuwa mataki na gaba da ka riga ka ajiye. Kuma ka ɗauki bidiyon allonka kana yin aikin daga farko har ƙarshe ka ajiye a laftof da waya, in komai ya ƙi sai ka kunna shi kana bayani da bakinka. Cajin laftof ya cika. Ka tafi da abin haɗa HDMI da VGA naka na kanka don majigin makarantu da yawa tsofaffi ne. Ka ƙara girman rubutu sosai a edita da taminal, ka mayar da bangon fari rubutu baƙi, baƙin bangon nan da muke so baya fitowa a ɗakin da rana take shigowa ta taga, ka je ka zauna a kujerar ƙarshe da kanka ka duba ko ana iya karantawa. Ka kashe sanarwar WhatsApp da duk wani abu da zai iya faɗowa kan allo.

Akwai wani abu da in ya yiwu yana ƙayatar da mutane ƙwarai, ka haɗa laftof ɗinka da hotspot ɗin waya, ka tada sabar da runserver 0.0.0.0:8000, ka sa adireshin laftof ɗin a ALLOWED_HOSTS, sai ka kira mutum biyu ko uku daga cikin masu sauraro su haɗu da hotspot ɗin su buɗe a wayarsu su shigar da bashi, kowa ya ga ya fito a majigi. Wannan baya cin data don a tsakaninku yake yawo. Amma ka gwada shi a gida tukuna, fayawol ɗin Windows yakan toshe shi.

Idan an kai kusan minti 25, to ka tsaya ka faɗa musu gaskiya, kuma wannan ɓangaren kar ka yarda lokaci ya cinye maka shi. Abin da suka gani cikin minti goma sha biyar farkon aiki ne, ba a miƙa wa kwastoma shi a haka. Sabar runserver ta gwaji ce, su kansu masu Django sun rubuta ƙarara cewa kar a ɗora aikin gaske a kanta, sai an kawo sabobin aikin gaske irin su Gunicorn da Nginx, galibi a koma babban rumbun bayanai irin PostgreSQL, a mayar da DEBUG zuwa False don in ba haka ba duk wanda ya jawo kuskure a shafin zai ga cikin kod ɗinka, a ɓoye mabuɗin sirrin nan SECRET_KEY kar a tura shi GitHub, a sa HTTPS, a tsara yadda za a riƙa ajiye kwafin bayanai kullum. Ka buga manage.py check --deploy a gabansu su ga jerin gargaɗin da zai zubo. Shafin admin kuma na ma'aikata ne amintattu, ba shi ake buɗe wa jama'a ba. Sannan ga kuɗin hostin da na sunan shafi da ake biya duk wata ko duk shekara, da yawa ma da dala. Ina nanata wannan ne saboda na ga yara sun fito daga irin wannan taro da zumuɗi sun je sun karɓi aikin makaranta ko na asibiti sun ce sati ɗaya za su gama, sun yi farashin sati ɗaya, wata uku suna fama, mutunci ya zube tsakaninsu da mai aiki. A nan ne labarin kawunka zai shigo, ka gaya musu kwana nawa ka ɗauka kafin ta fara aiki, da wata nawa ka yi kana gyara bayan ya fara amfani da ita, da abubuwan da ya nema waɗanda baka taɓa tunaninsu ba.

Maganar tambayoyi kuma, kwantar da hankalinka. Wani zai ce me ya sa ba wasu kayan aikin irin su Laravel ko Node ba, ka ce duk suna aiki, kai wannan ka iya kuma ga abin da ya yi maka, kar ka shiga musu. Wani zai ce ai ChatGPT zai rubuta duk wannan cikin minti ɗaya, ka ce haka ne zai rubuta, amma ranar da lissafin mai shago ya rikice kai za a kira, kuma sai wanda ya fahimci abin da aka rubuta ne zai iya gano inda matsalar take. In aka yi maka wadda baka sani ba ka ce ban taɓa gwada wannan ba, ko akwai wanda ya sani a cikinmu? Manyan da suka zo daga Kano da Kaduna za su ji daɗi ma a ba su dama su yi magana, kuma ba wanda zai raina ka. Harshe kuma, in ɗakin duk Hausawa ne ka yi bayaninka da Hausa ka bar sunayen umarni yadda suke, in akwai waɗanda basa ji sai ka gauraya, ka tambayi masu shirya taron tun yanzu. Ka yi gwajin duka bayanin sau biyar aƙalla da agogo a gabanka, biyu daga ciki a gaban abokanka, ɗaya kuma da waifai a kashe. Allah ya ba da sa'a, in an gama ka rubuto mana yadda ta kaya.

Tambaya: Salam Malam. Na je wani taro na ji wani yana cewa duk mai amfani da irin su Django da Laravel ba cikakken mai rubuta kod ba ne, wai an riga an tauna masa ne yake haɗiya. Ni kuma yanzu na fara koyon Python, abin ya sanyaya min gwiwa. Gaskiya ne? Daga ƴar'uwarku a Katsina.

Amsa: Wa alaikis salam ƴar'uwa. Ba gaskiya bane, kuma kar ki bari wannan magana ta tsayar da ke. Tela baya saƙa yadi da kansa kafin ya ɗinka riga kuma ba wanda yace shi ba tela bane. Abubuwa irin su ajiye kalmar sirri a ɓoye da kare shafi daga masu cusa SQL, mutane masu yawa sun shafe shekaru kusan ashirin suna gyara su a cikin Django, wanda yace sai ya rubuta nasa daga tushe galibi ramuka yake bari a aikin mutane. Inda maganarsa take da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne wanda ya yi tsalle ya faɗa Django bai iya Python ɗin ba, bai san mene ne class ba, bai san yadda burawza take magana da saba ba, bai taɓa rubuta SELECT da hannunsa ba, wannan kam ranar da abu ya lalace zai tsaya yana kallo. Don haka ki ba Python wata biyu ko uku, ki taɓa HTML da ɗan SQL, sannan ki shiga. Ki nemi koyarwar Django Girls, kyauta ce a intanet, wasu mata biyu ƴan Poland, Ola Sitarska da Ola Sendecka, suka fara shirin a Berlin a 2014 don jawo mata cikin harkar, kuma tana ɗaukar mutum tun daga yadda ake buɗe taminal. A nahiyarmu ma an yi DjangoCon Africa na farko a Zanzibar a 2023. Laravel kuma na masu PHP ne, Taylor Otwell ya fitar da shi a 2011, yana da kyau, amma tunda Python kika fara ki zauna a kansa tukuna.

Tambaya: Malam laftof ɗina tsohuwa ce, RAM 4GB, zata ɗauki Django? Wani lokacin ma waya kawai nake da ita. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Zata ɗauka sarai ɗan'uwa, Django baya da nauyi, abin da yake cinye RAM shi ne burawza mai shafuka ashirin a buɗe da manyan editoci, ka rage shafukan ka yi amfani da edita mara nauyi irin Sublime Text ko Notepad++. A wayar Android ma ana iya saka manhajar Termux a zuba Python da Django a ciki a tada sabar a buɗe ta a burawzar wayar, sai dai bugu a ƙaramin allo akwai wahala, in ka samu ɗan kibod na Bluetooth zai sauƙaƙa maka sosai.